Shin rigima ce ta yi wa Logan Paul arziki?

"Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗalibi ne, ina gyaran waya da yamma. Wata takwas ke nan da na buɗe tasha a YouTube, ina ɗora barkwanci da 'yan bidiyoyin gyaran waya, amma har yau mabiyana ba su kai 400 ba. Abokaina sun ce in ba ka yi abin da zai tayar da ƙura ba babu mai kallonka. Kullum misalinsu Logan Paul: wai ya yi abin da duniya ta yi masa tofin Allah tsine, amma ga shi yau ya fi da kuɗi. Da gaske rigima ce ta ɗaga shi? In haka ne, mu ma dole sai mun bi ta nan?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko a kan mutumin ce: me ya faru da shi, kuma daga ina kuɗinsa suke fitowa? Ta biyu a kanka ce: ko hanyar da ya bi za ta ɓulle da kai. Na daɗe ina yanka bidiyo ina haɗa talla wa masu tashoshi da ƙananan 'yan kasuwa, kuma wannan magana ta abokanka na ji ta a bakin yara da yawa. Rabin gaskiya suka faɗa maka. Ya fi da kuɗi, wannan haka yake. Sai dai ba rigimar ce ta kawo kuɗin ba. Abin da ya tara kafin rigimar ne ya tsamo shi daga cikinta, kuma duk lokacin da ya yi ɓarna, wasu ne suka fi shi ɗanɗana kuɗarta.

Kafin duniya ta san shi da abin kunya

An haifi Logan Paul ranar 1 ga Afrilu 1995 a jihar Ohio ta Amurka. Tun yana sakandare ɗan wasa ne, yana kokawa, jikinsa ya horu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ya fara tashe ne a manhajar Vine, wadda ba ta yarda bidiyo ya wuce daƙiƙa shida. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai raina abin, amma ni da nake zaman yanka bidiyo na san sa mutum dariya cikin daƙiƙa shida ya fi sa shi dariya cikin minti goma wuya. Babu gaisuwa, babu shimfiɗa, kowane motsi sai ya yi aiki. A nan ya koyi sana'ar. A 2014 ya bar jami'a ya koma Los Angeles, kuma da aka rufe Vine a farkon 2017 ya riga ya kwashe mabiyansa ya kai su YouTube, inda yake ɗora bidiyon rayuwarsa kowace rana. Kafin ƙarshen 2017 mabiyansa sun kai wajen miliyan 15, da yawansu yara ne da 'yan sakandare.

Ka ga tun nan maganar abokanka ta fara rawa. Mutumin ya tara miliyan 15 kafin babbar rigimar. Amma a wannan aikin na kullum ɗin ne ciwon ya fara. Shi da kansa ya faɗa, a saƙon neman afuwarsa, cewa ya yi fiye da kwana 460 a jere yana fitar da shiri na kusan minti 15. Rayuwar mutum ba ta da abin mamakin da zai cika minti 15 kowace rana. Don haka sai ka ƙirƙiro, kuma abin da ya girgiza masu kallo jiya, yau ya zama ruwan sha. Kamar mai cin yaji ne, kullum sai ya ƙara cokali kafin ya ji shi a harshe. A hankali mutum yakan daina tambayar kansa ko abu ya dace, tambayar da ta rage masa ita ce ko abin zai ja kallo.

Dajin Aokigahara

A ƙarshen Disambar 2017 ya je Japan da abokansa. Bidiyoyin da ya yi a titunan Tokyo ma sun ɓata wa mutanen ƙasar rai, yana yawo da ɗanyen kifi yana tsokanar masu wucewa. Sannan suka shiga dajin Aokigahara da ke gindin dutsen Fuji, dajin da ya yi ƙaurin suna saboda mutanen da ƙunci ya yi wa yawa sukan je can su kashe kansu. Suka tarar da gawar wani mutum. Ba su kashe kyamara ba. Suka ɗauka, aka ji shi yana dariya yana zolaya, kuma ranar 31 ga Disamba ya ɗora bidiyon. Cikin kwana ɗaya an kalle shi fiye da sau miliyan shida kafin ya sauke shi da kansa.

Ga abin da ya fi tsaya min a rai, kuma sana'ata ce ta sa nake ganinsa. Mutum zai iya ruɗewa in ya ga gawa ba zato, har dariyar firgita ta kuɓuce masa. Wannan ana iya yi masa uzuri. Amma tsakanin ɗaukar bidiyo da ɗora shi akwai awoyi. Sai an zuba hotunan a kwamfuta, an kalle su ɗaya bayan ɗaya, an zaɓi na ajiyewa da na zubarwa. Sai wani ya zauna ya bi fuskar mamacin ya dusashe ta, aikin da ke cin lokaci. Sai an zaɓi hoton da za a sa a fuskar bidiyon, an rubuta masa take. A kowane mataki akwai damar wani ya ce a tsaya, kuma dusashe fuskar da aka yi ya nuna sun san abin da ke gabansu. Wannan bawan Allah yana da iyali. Ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu aka mai da ita abin kallon yara miliyoyi. Idan abokanka suna lissafin ribar wannan bidiyo, ka tambaye su a wane layi suka rubuta waɗannan mutane.

Ya nemi afuwa sau biyu, a rubuce da kuma a bidiyo. Ranar 10 ga Janairu 2018 YouTube ta cire shi daga Google Preferred, rukunin tashoshin da ake sayar wa manyan kamfanoni tallarsu da tsada, ta kuma dakatar da ayyukan fim da take yi da shi. Ya ɗan yi shiru, ya dawo da bidiyo a kan yadda za a taimaki masu tunanin kashe kansu, ya yi alƙawarin ba da dala miliyan ɗaya ga wannan aiki. Ba a yi nisa ba ya sake ɗora wani bidiyon yana harbin matattun ɓeraye da bindigar lantarki, sai YouTube ta tsayar da talla gaba ɗaya a tashoshinsa ranar 9 ga Fabrairu, kafin ta mayar bayan 'yan makonni.

Akwai abu ɗaya da ya faru a tsakanin nan da ya shafe ka kai tsaye. Ranar 16 ga Janairu 2018 YouTube ta sauya sharaɗin fara biyan masu tasha. A da kallo 10,000 ya isa. Daga ranar sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ba shi kaɗai ya jawo ba, domin tun 2017 kamfanoni ke janye talla saboda ganin sunansu a kan bidiyoyin ƙiyayya da na tsattsauran ra'ayi, amma lamarinsa ne ya zo a kan gaɓa. Shi mai miliyan 15 sharaɗin bai taɓa shi ba. Ƙananan tashoshi ne aka yanke wa biya. Katangar da kake ta fama ka haura yau da mabiyanka 400, a watan aka gina ta.

Me ya sa bai durƙushe ba

Mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu dala miliyan 12.5 a jerinta na masu tashar YouTube da suka fi samun kuɗi na 2017, sannan miliyan 14.5 a na 2018. Waɗannan alƙaluma su ne ƙashin bayan hujjar abokanka. Amma ita kanta mujallar ta danganta ƙaruwar da cinikin riguna da hulunansa masu tambarin Maverick. Wato a lokacin da YouTube ta ƙuntata masa famfon talla, yana da rijiyarsa a gida, yana sayar wa yaran da suka riga suka ƙaunace shi kaya kai tsaye, ba ta hannun kowa ba.

Sai ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba, ya sauya abin da ake magana a kansa. Ranar 25 ga Agusta 2018 ya yi dambe a Manchester da KSI, wato Olajide Olatunji, ɗan Birtaniya mai asali da Najeriya, wanda shi ma babban mai tasha ne. Aka tashi canjaras. Mutane da yawa sun biya kuɗi ne don su ga an naushe shi, kuma kuɗin mai ƙinka da na mai sonka duk launi ɗaya ne. A Nuwamban 2019 suka sake karawa a Los Angeles, KSI ya yi nasara. A Yunin 2021 ya yi zagaye takwas da shahararren ɗan dambe Floyd Mayweather a Miami, a wasan baje koli da ba a bayyana gwani ba. Ya buɗe shirin hira mai suna Impaulsive tun 2018, ya daina dogaro da bidiyon kullum. A 2022 ya shiga WWE, kamfanin kokawar nishaɗi na Amurka, kuma ko masu ƙinsa sun yarda ya iya, har ya ci kambun Amurka na WWE a Riyadh a Nuwamban 2023. Kokawar sakandare da na ce ka riƙe, ga inda ta yi masa rana.

Don haka in ka tara abin da ya tsamo shi, za ka ga mabiyan da ya tara tun kafin lamarin, da jarin da zai iya zama a kansa ba tare da talla ba, da lauyoyi da masu gyara suna, da jiki mai horo, da kasuwar Amurka inda kallo ɗaya yake da daraja. Rigimar ba ta cikin jerin. Kuma akwai ɗimbin waɗanda suka tayar da ƙura ƙurar ta binne su. Ba ka san sunansu ba, shi ya sa ba sa shiga misalin abokanka.

Ƙwai, kirifto da abin sha

Rigima ta biyu ta fi ta farko koyar da mai son wannan sana'a, domin ita ce ta nuna abin da yarda take jawowa. A 2021 ya tallata wani wasa mai suna CryptoZoo. Za ka sayi ƙwai na intanet da kuɗin kirifto, ya ƙyanƙyashe dabba, ka haɗa ta da wata su haifi sabuwa, dabbobin su riƙa kawo maka riba. Ya gabatar da shi a matsayin wasa mai daɗi da ke kawo kuɗi. Mutane suka zuba dukiya, wasan bai yi aiki yadda aka alƙawarta ba. A Disambar 2022 wani mai binciken damfara a YouTube, Stephen Findeisen da aka fi sani da Coffeezilla, ya fitar da bincike kashi uku, har da muryoyin waɗanda suka yi asara. Logan ya fara da barazanar kai ƙara, ya janye ya ba da haƙuri, ya ɗora laifin a kan waɗanda ya ɗauka su gina wasan. A Janairun 2024 ya ware dala miliyan 2.3 don sake sayen ƙwai da dabbobin, da sharaɗin duk wanda ya karɓa ya yafe kai shi ƙara, kuma shirin bai haɗa da waɗanda suka sayi kuɗin kirifto na wasan kansa ba. A Yunin 2024 ya kai Coffeezilla ƙara bisa ɓata suna.

Shi ya musanta cewa ya yi niyyar cutar kowa, kuma ni ba alƙali ba ne da zan kira shi ɗan damfara. Abin da zan iya faɗa shi ne mutanen nan ba don sun fahimci wasan suka saya ba. Sun saya ne don fuskar da suka saba gani ta ce a saya. Irin wannan mun gan shi a nan ma, lokacin da masu tashe suka riƙa tallata manhajojin ninka kuɗi, aka wayi gari manhaja ta ɓace, mai talla ya goge bidiyo ya ci gaba da harkarsa.

Prime kuwa, abin shan da shi da KSI suka fito da shi a Janairun 2022, ya yi kasuwa sosai, har yara a Ingila suna layi a kantuna. Matsalar ta taso ne a kan nau'in ƙara kuzari, wanda gwangwani ɗaya ke ɗauke da miligiram 200 na kafin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin gahawa da goro, kusan na gwangwanin Coca-Cola shida. An rubuta a jiki cewa ba na 'yan ƙasa da 18 ba ne, amma yara ne suka fi sanin sunan. A Yulin 2023 Sanata Chuck Schumer ya nemi hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bincika, Kanada kuma ta janye shi daga kantuna don ya haura iyakar da dokarta ta gindaya.

Mu dawo kanka

YouTube tana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, amma farashin tallar ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Kallo dubu daga Kano ko Maraɗi bai kama ƙafar kallo dubu daga Amurka ba, kuma ba za a turo maka ko sisi ba sai kuɗinka sun kai dala 100. Bidiyon da aka ga yana da tayar da hankali sai a sa masa alamar dala mai ruwan ɗorawa, ma'ana talla kaɗan ko babu. In ka karya dokar YouTube, bayan gargaɗin farko laifi ɗaya yana hana ka ɗora komai na mako guda, uku cikin kwana 90 a rufe tashar. Tun 2019 ma sun fito ƙarara sun hana tsokana mai haɗari. Wato bidiyon rigima shi ne ya fi jan kallo, kuma shi ne ya fi ƙarancin biya.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Akwai wani yaro mai barkwanci da nake yanka wa bidiyo, mai basira ƙwarai, in ya kwaikwayi muryar direban tasha sai ka riƙe ciki. Wata rana ya kawo min wani ɗauka. Ya jefa macijin roba a kan farantin wata dattijuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa. Ta zabura ta faɗi, gyaɗar ta watse a ƙasa, tana salati tana laluben mayafinta, su kuma suna dariya a bayan kyamara. Na ce masa ba zan taɓa wannan ba, kuma ina roƙonsa ya goge. Ya kai wa wani. Bidiyon ya yaɗu fiye da duk abin da ya taɓa yi. Kwana uku bayan nan 'ya'yan matar suka yi sallama a ƙofar gidan mahaifinsa, magana ta kai gaban mai unguwa. Mai shagon turaren da ke biyansa talla duk wata ya kira ni, ya ce, "Malam, don Allah a cire sunan shagona daga bidiyoyin yaron nan, matan da ke saye a wurina sun fara magana." Da muka buɗe shafin lissafin tashar daga baya, layin kallo ya miƙe sama kamar hasumiya, sannan ya faɗo ƙasa da inda yake a da. Waɗanda suka zo, zagi suka zo yi, ba su dawo ba. Kuma da aka tura musu bidiyonsa na gaba suka wuce ba su danna ba, sai tsarin YouTube ya rage tura shi har ga tsofaffin masu kallonsa.

Logan Paul ya yi abinsa a Japan ya hau jirgi ya koma gida. Kai a unguwarku za ka kwana, a masallacinku za ka yi salla, a nan za a je neman maka aure a tambayi halinka. Ga kuma hukuma. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, a kan bidiyon da suka yi game da gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Ƙungiyar Amnesty ta soki hukuncin, kuma ni ma ban ga dacewar a yi wa mutum bulala a kan zolayar mai mulki ba. Na kawo shi ne don ka san ƙasar da kake takawa. Abin da doka ta ce dalla-dalla, lauya za ka tambaya, hukuncin addini kuma malamai.

Abin da ya kamata ka ɗauka a wurin mutumin nan shi ne naci a kan aiki, da sanin inda ake yanka bidiyo don kada mai kallo ya gaji, da mallakar abin sayarwa naka na kanka. Na ukun nan kana da shi tun yanzu, kai ne ba ka lura ba. Gyaran wayar da ka ambata a gefe shi ne jarinka. Kullum akwai wanda wayarsa ta faɗa ruwa, ko caji ya ƙi shiga, ko yake son ya gane caja ta gaske da ta jabu, kuma masu yi masa bayani da Hausa mai kyau ba su da yawa. Barkwanci yana tsufa cikin mako, amma bidiyon da ya nuna yadda ake goge bakin caji ba tare da an lalata shi ba zai yi shekara biyu ana nemansa. Ka sa barkwancinka a cikin bayanin, ka rubuta take da kalmomin da mutum zai rubuta in yana nema, ka shiga maganar cikin daƙiƙa goma na farko. Kada ka nuna hotuna ko lambobin da ke wayar mai kawo gyara, kuma kada ka ɗauki kowa sai da izininsa. Bidiyo ɗaya ko biyu a mako ya ishe ka tare da karatu. Mutum goma da suka kalla suka kawo maka gyara sun fi maka kallo dubu goma na 'yan zagi amfani a aljihu.

Ba zan yi maka alƙawarin wannan hanya za ta kai ka miliyan ba. Tana da jinkiri, kuma na ga masu ƙoƙari da suka yi shekaru ba su wuce 'yan dubbai ba, domin akwai rabo a cikin abin. Wata takwas da mabiya 400 kuma ba gazawa ba ce. A daren yau ka buɗe YouTube Studio, wato shafin lissafin tasharka, ka duba bidiyoyi uku da aka fi kallo har ƙarshe, ka duba kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso tasharka, ka turo min hoton shafin. Daga nan za mu zauna mu tsara bidiyoyinka biyar na gaba.